Yadda Ake Amfani da Tawada Ruwan Ƙasa Ba Tare da Alƙalami Ya Toshe Ba

Kafin ka ɗura wa alƙalaminka tawada ruwan ƙasa, yi mata ɗan gwaji. Samo farin tishu, ka ɗiga masa tawadar digo ɗaya, ka bi da ruwa digo uku a daidai wurin, ka ba shi minti biyar. Tabon zai bazu, sai ka ga launuka sun ware daga juna: ja ko ruwan goro a wani gefe, rawaya a wani, shuɗi ko ruwan toka a wani. Yawancin tawadar ruwan ƙasa gamin gambiza ce ta rini biyu ko uku, kuma kusan duk rigimar da za ta yi maka daga nan take tasowa, tun daga ɓawon da ke taruwa a bakin alƙalami har zuwa launin da ke juyewa bayan mako guda. Idan ja ne ya rinjaya a tishunka, ka shirya wa yawan goge baki. Idan toka ce ta rinjaya za ka fi samun sauƙi, sai dai a siririn baki ba lalle mai karatu ya bambance ta da baƙa ba.

Alƙalamin da muke magana a kai shi ne mai shan tawada, irin su Hero da Parker da Lamy, wanda ake ɗura wa daga kwalba ko a sa masa katirij. Sassa huɗu za mu riƙa ambata. Akwai baki, wato ƙarfen da ke taɓa takarda, mai tsaga a tsakiya. Akwai magudana, baƙar robar nan mai haƙarƙari da ke manne a ƙarƙashin baki, wadda ke sauko da tawada ta kuma mayar da iska ciki. Akwai tanki, ko katirij ne, ko kwambata mai fistan da ake murɗawa, ko 'yar jakar roba da ake matsawa. Sai murfi, wanda a gari mai busasshiyar iskar hunturu irin Jos shi ne rabin aikin.

Abin da ba ya shiga alƙalami

Wanda ya taɓa ganin tsofaffin littattafan Larabci da ajami, irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ya san launin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ya sa wasu ke jarraba zuba tawadar gida a alƙalamin zamani. Kada a yi. Tawadar allo da gawayi ko baƙin tukunya ake yin ta, a sa mata ƙaro don ta kama. Ta takarda kuwa akan dafa ta da bagaruwa da ƙarfe, ita ma da ƙaro. Alƙalamin kara ba ruwansa, don tsoma shi ake yi a goge. Amma hanyar da ke cikin magudana siririya ce ƙwarai, ƙaro na bushewa a cikinta ya liƙe ta, garin gawayi kuma ya cushe abin da ya rage.

Haka hukuncin yake a kan tawadar zane ta kanti, ko da an rubuta Sepia ko Walnut a jikin kwalbar. Da yawansu akwai danƙon shelak a ciki, wanda ruwa ba ya narkarwa idan ya bushe. Kamfani ɗaya ma yakan yi iri biyu: Rohrer & Klingner na da Sepia ta alƙalami, yana kuma da ta zane mai shelak. A karanta kwalba da kyau, a tabbatar an ce ta alƙalami mai tanki ce. Tawadar firinta da ta hatimi su ma a bar su inda suke.

Wace za ka saya

Shagunan kayan rubutu, ko a Terminus ta Jos ko a kasuwar Wuse ta Abuja, shuɗi da baƙi suka fi ajiyewa, don haka ruwan ƙasa sau da yawa sai an yi oda ta intanet ko an ba matafiyi saƙo. Tunda ba kullum ake samu ba, gara a san abin da ake nema tun farko.

Tawadar iri uku ce. Ta farko, mafi sauƙin sha'ani, ita ce mai rini zalla. Tana wankuwa da ruwa, ba ta cutar da alƙalami, amma ruwan sama ɗaya ya isa ya tafi da rubutun, rana kuma tana koɗar da ita. A cikinsu Waterman Absolute Brown, wadda a da ake kira Havana, ita muke fara ba sabon shiga, don tana gudu daidai ko a tsohon alƙalami. Pelikan 4001 Brilliant Brown ta karkata sosai zuwa ja, kuma ba ta da yawan gudu, abin da ya sa take dacewa da alƙalamin da ke malalo da tawada. Diamine Chocolate Brown da Pilot Iroshizuku Yama-guri masu duhu ne, sun dace da aikin yau da kullum. Herbin Lie de Thé tana da ɗan rawaya-rawaya da kore-kore, ba kowa take burgewa ba, amma a faffaɗan baki tana da kyau. Diamine Ancient Copper kuwa kowa na yabon launinta, kowa kuma na kuka da ɓawonta.

Ta biyu ita ce mai ƙarfe da tanin, sinadarin nan da ke cikin bagaruwa, dangin ta bagaruwa ke nan amma an tace ta, an rage mata ƙarfi, ba a sa ƙaro ba. Misali Platinum Classic Sepia Black. Tana sauka da haske, sai ta yi duhu a kan takarda yayin da iska ke taɓa ƙarfen. Tana jure ruwa, kuma ba ta cika bazuwa a takarda mai arha ba. Tana da tsami, don haka ba a barin ta ta bushe a cikin alƙalami.

Ta uku mai garin launi ce, irin De Atramentis Document Brown da Platinum Brun Sepia. An niƙa garin ya yi laushin da zai wuce ta magudana. Ruwa ba ya ɗaga ta, rana ba ta cika yi mata komai ba. Amma abin da ya hana ta narkewa a takarda shi ne zai hana ta narkewa a cikin alƙalami. A ganinmu, wanda ba ya rubutu kullum ya haƙura da ita, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Batun yawa: Diamine na zuwa a kwalbar mililita 30 da 80, Pelikan 30 da 62.5, Waterman 50. Yawancin kwambata ba ya ɗaukar mililita guda cikakke, saboda haka kwalbar 30 za ta yi ɗuri wajen 40. Fara da ƙarama. Gajeren katirij irin na gama-gari, kamar Kaweco Caramel Brown, yana shiga Kaweco da sauran masu wannan ma'auni, amma Lamy da Parker da Pilot da Platinum kowa da nasa bakin katirij. Mai Lamy Safari sai ya nemi kwambata Z28 ya ɗura daga kwalba.

Wanki kafin ɗuri

A nan yawancin mutane ke ɓata launin. Baƙar tawada tana haɗiye duk abin da ta tarar, ruwan ƙasa kuwa ɗan ragowar shuɗi a cikin magudana ya isa ya mayar da ita kore-kore mai dauɗa, ragowar baƙi kuma ya kashe mata haske. Sai mutum ya zargi kwalbar.

Kwance gangar alƙalamin. Zuba ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi a kofi, ka tsoma bakin, ka murɗa fistan ya ja ruwa, ka fitar da shi a wani mazubi daban. Yi ta maimaitawa har ruwan ya fito garau. Daga nan ka naɗe bakin da farin tishu ka riƙe minti ɗaya. Sau da yawa za ka ga shuɗi ya sake fitowa, alamar akwai busasshiyar tawada tsakanin haƙarƙarin magudana. To cire kwambata, ka jiƙa baki da mariƙinsa a ruwa su kwana. Idan ta yi taurin kai, sa sabulun wanke-wanke na ruwa digo ɗaya tak a cikin kofi guda, ka wanke da shi, sannan ka ɗauraye sau da yawa, don ragowar sabulu tana sa tawada ta riƙa zuba fiye da kima. Sabon alƙalami ma a yi masa wannan wankin sabulu, saboda maiƙon masana'anta yakan hana tawada bin magudana.

Ruwan zafi yana lanƙwasa roba. Sifirit, kananzir, fetur da maganin goge farce suna cinye jikin alƙalami ko su tsattsaga shi. Bilic yana cin ƙarfe. Idan ruwan rijiyar burtsatse kake amfani da shi kuma yana barin farin tabo a buta, yi ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa na kemis. Kada ka aika yaro ya sayo "ruwan batir" ba tare da bayani ba, don da wannan suna ake sayar da asid ma.

Bayan wanki, kifa bakin a kan tishu cikin kofi ya tsane. Da damina ya kwana, da hunturu awa uku ko huɗu sun isa. Wanda ya yi gaggawa zai ga shafin farko ya fito fari-fari, saboda ruwan da ya rage ya tsinka tawadar.

Wajen ɗuri, sauke fistan ƙasa tukuna, ka nitsar da bakin gaba ɗaya har tawada ta taɓa gindin mariƙi, in ba haka ba iska za ka ja. Murɗa a hankali ya cika, ka saki digo biyu, ka ɗaga bakin sama ka mayar da fistan, ka goge. Mai katirij kuwa, idan ya ƙare ba sai an yar ba: a wanke shi da sirinji, a cika shi daga kwalba. A dai dakushe tsinin allurar, kuma a canja katirij idan bakinsa ya saki.

Baki da takarda

Tawada ɗaya takan zama launi uku a alƙalami uku. Siririn baki, mai alamar EF ko F, kaɗan yake saukewa, don haka ruwan ƙasa mai haske takan fito kamar ta koɗe, ta gajiyar da ido. Irin wannan baki mai duhu yake so. Bakin Japan kuma ya fi na Turai siranta ko da alamarsu ɗaya, M na Pilot ya yi kusa da F na Lamy. A baki M (matsakaici) ko B (mai kauri) ne kyan launin ke fitowa, inda farkon harafi ke yin haske, ƙarshensa inda tawada ta taru ya yi duhu. Masu rubutun ajami da Larabci sukan ji daɗin yankakken baki mai faɗin milimita 1.1, don yana ba da kauri da siranta kusa da na alƙalamin kara. Amma su lura, hannun dama da ke tafiya daga dama zuwa hagu yana iya bi ta kan ɗanyen rubutu, kamar yadda bahago ke fama a boko. A gwada: a ja layi, a shafa da yatsa bayan daƙiƙa 5, wani bayan 10, wani bayan 20. Wadda ta wuce 20 tana gogewa ba ta dace da mai sauri ba.

Littafin makaranta mai arha yana shan tawada ta bazu gefe-gefe, ta kuma huda zuwa baya. A irinsa sai siririn baki da tawada mara gudu, ko mai ƙarfe. Takardar firinta mai nauyin giram 80 tana yi, kodayake wani rim ya fi wani. Takardun Rhodia da Clairefontaine suna riƙe tawada a sama, launin ya fito sosai, sai dai bushewa ta ɗan ja lokaci. Takarda ruwan madara tana ƙara wa mai duhu kyau, amma tana shanye mai rawaya-rawaya.

Hunturu da ɓawon baki

Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma da hunturu iskarta a bushe take ƙarau. Tawada kuwa mafi yawanta ruwa ne. Duk inda ta haɗu da iska, ruwan ya tashi ya bar rini. Rinin ja da na ruwan goro, waɗanda su ne ƙashin bayan yawancin ruwan ƙasa, sun fi saurin daskarewa idan ruwa ya ragu. Shi ne za ka buɗe murfi da safe ka tarar da wani gari-gari ya taru a gefen tsaga da bayan magudana. Mutane da yawa kan ɗauka tsatsa ce, har su kama kankara da reza. Ba tsatsa ba ce, kuma reza tana buɗe tsagar ta lalata bakin. Jiƙa tishu da ruwa ka goge, shi ke nan. Idan ya taurare, tsoma bakin kaɗai a ruwa daƙiƙa kaɗan, ka yi ɗan zane a wata takarda har launin ya dawo daidai.

Ɓawon da ke dawowa kullum yana nufin murfi ba ya rufewa ruf. Alƙalami mai murfin murɗawa yakan fi mai turawa riƙe danshi, kuma Platinum na sa wani ƙaramin murfi mai sifirin a cikin babban, har a Preppy mai arha. Idan alƙalaminka mai shan iska ne, ka ba shi tawada mai sauƙin kai irin Waterman, ka ajiye Ancient Copper sai wanda ke rufewa da kyau. Kada ka bar shi buɗe kana tunanin abin da za ka rubuta. Da hunturu minti ɗaya ya isa ya ƙi tashi. Idan ya ƙi, kada ka danna shi da ƙarfi a takarda. Murɗa fistan kaɗan har tawada ta leƙo a magudana, ko ka taɓa tsinin da digon ruwa.

Wannan tashin ruwan shi ne kuma ke sa tawadar da ka ɗura ruwan zuma ta koma ruwan makuba bayan kwana goma. Ba lalacewa ta yi ba, kauri ta yi. Tsotsi tataccen ruwa digo ɗaya ko biyu cikin kwambata, ka juya alƙalamin a hankali sau da yawa. Wanda bai cika rubutu ba ya riƙa ɗura rabin tanki, ya wanke duk wata. Mai ƙarfe da mai gari kuwa duk mako biyu, kuma idan za a yi tafiya a bar alƙalamin, a juye a wanke tukuna.

Ƙurar hunturu ita ma tana shiga tsaga tare da zaren takarda. Idan layi ya fara yankewa bayan wanki, akwai siririn fallen tagulla mai kaurin milimita 0.05 da ake zurawa a tsagar a hankali a fitar da dattin.

Tsakanin Abuja da Jos

Tsawon Abuja daga teku bai kai rabin na Jos ba. Mai tasowa ta Keffi da Akwanga, yana haura Hawan Kibo nauyin iskar waje na raguwa, iskar da ke cikin tankin alƙalami kuma ta kumbura da kusan kashi ɗaya cikin goma kafin a isa gari. Idan bakin na kallon ƙasa, ko alƙalamin na kwance cikin jaka, iskar za ta turo tawada waje. A ƙaramin kwambata abin bai fi digo ba, haƙarƙarin magudana na iya riƙe shi. A babban tankin da ya kusa ƙarewa kuwa sai ka buɗe murfi ka ɓata hannu. Maganin shi ne a cika shi fal kafin tafiya ko a juye shi sarai, a kuma tsayar da shi baki sama. Zafi ma haka yake yi: alƙalamin da aka bari a mota da ranar Maris a Abuja, ko wanda ya kwana cikin sanyin Jos aka ɗauka da hannu mai ɗumi. Riƙe shi baki sama minti ɗaya kafin ka fara rubutu, iskar ta fita ta hanyarta.

Idan ta zuba a aljihun farin kaftani, tabon kamar na goro yake, kuma ba ya son jinkiri. Danna tishu ya tsotse, kada ka cuɗa. Zuba ruwan sanyi ta bayan yadin, sannan sabulu. Kada a kai wa mai guga sai tabon ya fita, don zafi yana zaunar da shi.

Inda ba ta da wuri

Fom na banki, cak, takardar jarrabawa da duk inda aka ce shuɗi ko baƙi, a bi abin da aka ce. A fayil ɗin gwamnati kuma launin tawada yana da ma'ana, kowa ya san jan biro ba na kowa ba ne, kuma ruwan ƙasa mai ja-ja a siririn baki tana iya kama da shi. Mai haske takan fito dishi-dishi a fotokwafi. Idan za a kwafi abin da ka rubuta, gwada shafi ɗaya tukuna. Wurin da take da amfani sosai shi ne gyara da sharhi a gefen bugaggen rubutu, inda take fita daban da baƙin firinta ba tare da tsawar ja ba, sai wasiƙa, littafin wa'azi ko na darasi, da zane. Abin da ake so ya daɗe, kamar rajistar iyali ko yarjejeniyar bashi, a rubuta shi da mai gari ko mai ƙarfe. Don tabbatarwa, yi rubutu a 'yar takarda, ka bari ya kwana, ka zuba masa ruwa ka ga abin da ya saura.

Haɗi da ajiyar kwalba

Ana iya gyara launi a gida, amma a ƙaramin mazubi mai murfi, ba a cikin kwalba ba. Idan Brilliant Brown ta yi maka ja da yawa, ɗebi mililita 3 da sirinji, ka sa mata digo ɗaya na Brilliant Black ta kamfanin, ka gwada, ka ƙara in da bukata. Baƙi yana da ƙarfi, digo-digo ake bin sa. Bar haɗin kwana biyu ka duba a haske. Idan ka ga gudaji, yauƙi ko wani abu ya kwanta a ƙasa, zubar. Kada a haɗa mai ƙarfe ko mai gari da mai rini, kuma kada a gauraya Iroshizuku ta Japan da tawadar Turai, don sinadarinsu ya saba, suna iya tsinkewa su toshe magudana.

Tawadar da ba ta gudu sosai, ana tsoma tsinin tsinken sakace a sabulun ruwa, a taɓa shi a cikin mililita 5 da aka ware. Fiye da haka sai ta riƙa bazuwa a kowace takarda, kuma ba a iya cire sabulun.

Kwalba a ajiye ta cikin kwalinta, a durowa, nesa da taga. A goge bakinta kafin a rufe, don busasshiyar tawada a zaren murfi tana hana shi zama, ta kuma rugurguje ta faɗa ciki. Mai gari a juya ta a hankali kafin ɗuri, mai rini ba ta bukata. Da damina, wajen Yuli da Agusta, a riƙa leƙawa: farin abu yana yawo a sama, zare-zare mai yauƙi a jikin baki, ko wari irin na rumfar da ta jiƙe, duk alamar fumfuna ce. Kwalbar ta tafi ke nan, tacewa ba ta ceto ta. Alƙalamin da ya sha daga cikinta a wanke shi da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a canja kwambata ko katirij ɗin kafin a kusantar da shi ga wata kwalba.